Na hana ƙanina yi wa ɗansa rigakafi, alhali nawa an yi masa

Assalamu alaikum, malam mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a zage ni, zuciyata ta riga ku.

Daga Kutama nake. Ni da ƙanina Sabi'u shekara ɗaya aka haifa mana 'ya'ya maza. A lokacin dukkanmu ba mu yarda da allurar rigakafi ba, ni ne ma mai bakin cewa a rufe ƙofa idan masu yi sun zo. Ashe da matata ta je wankan jego gidansu a Durun, innarta ta kai jaririn asibiti. Da suka dawo na ga lambar allura a dantsensa, na yi faɗa, daga baya na bari aka ƙarasa masa a ɓoye. Ban gaya wa Sabi'u ba don kunya.

Yara suka tasa. Nasa, Khalifa, kai kamar me! Abu sau ɗaya yake ji ya riƙe. Baba ya ɗora shi a cinya yana cewa, "Wannan shi ne likitan gidanmu." Nawa yana tsaye a gefe yana wasa da ƙasa. Shi ba jika ba ne? 

Bana na ji wata makaranta mai kyau a Gwarzo ba ta ɗaukar yaro sai da shaidar rigakafi. Sabi'u ya same ni ya ce, "Yaya, ko dai in kai Khalifa a yi masa ne?" Na ce, "Au, boko zai sa ka sayar da lafiyar ɗanka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Da muka kai yaran makarantar, aka ɗauki nawa, aka mayar da nasa. Na ji daɗi, Allah ya yafe min.

Yanzu mashaƙo ya shigo unguwarmu, Khalifa da ƙanwarsa ko allura ɗaya ba su da ita. Ni kuma kullum riga mai dogon hannu nake sa wa yarona. Jiya Sabi'u ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, wa ya yi maka alfarma aka ɗauki naka ba allura? Ka kai ni wurinsa."

Na ce masa ya dawo ranar Juma'a. Jama'a, me zan yi?