Agogo Biyu a Asibitin Wara

Wara, 3 ga Maris

Ɗana Basiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kana kuma salla a kan lokaci. Mu nan lafiya lau, kifi ya yi araha.

Na karanta saƙonka sau uku. Abin da na gane, aikinka a cikin uwar manhajar kwamfuta, wadda kuke kira kanel, shi ne rubuta lokacin da kowane abu ya faru. Injin yana da ƙwaƙwalwa da yawa, ka yi dabara kowace ɗaya ta riƙa duba agogonta don a yi sauri, sai abin da ya faru daga baya ya koma gaba. Dattijon da ke duba aikinku, Malam Jacob, ya mayar maka da shi, kai kuma ka rubuta masa baƙar magana, har kana cewa za ka ajiye aiki. Ban haife ka don wannan ba.

Ka tuna, safiya ɗaya aka haife ku da Yusuf ɗan ƙanwata a asibitin garin nan, ɗaki biyu, agogo biyu, ɗaya yana gudu. Katin haihuwa ya ce Yusuf ya girme ka da minti uku, har yau dangi na gardama. Saurin da ke rikita wa ya riga wa ba shi da amfani. Ka ba mutumin nan haƙuri, ka daidaita agogunanka.

Innarka,
Saratu

Wara, 28 ga Afrilu

Ɗana Basiru,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin matarka?

Alhamdu lillahi! Na ji daɗi da ka ba da haƙuri, ka sa agogunan suka bi ma'auni ɗaya, saurin bai ragu sosai ba, Malam Jacob kuma ya karɓi aikin. Na soya kifi na raba wa maƙwabta, ko da yake ba wanda ya gane dalili. Kada ka yi girman kai.

Tunda yanzu ka san darajar tsari, bari in faɗa maka gaskiya. Kana hannuna kana tsala kuka na jiyo kukan Yusuf na farko ta bango. Kai ne babba. Shekara ashirin da takwas na yi shiru don ka koyi ladabi, kuma ga shi ya yi amfani.

Za ka ci gaba da ce masa Yaya. Wannan agogon ba naka ba ne da za ka gyara.

Innarka,
Saratu