Gawayin da Baba ya so ya dafa shayi da shi

Konni, daren Laraba, watan Maris 1993

Bayana na ciwo, amma raina fari tas. Da hantsi Isuhu, abokina mai aikin awon ruwa a Yamai, ya biyo garejina. Ya ce kwalabe biyun da na ba shi sun sha bamban. Ruwan wankin batir cike yake da dalma, amma wanda ya bi ta tano, wato durom ɗin da na cika da gawayi da ɓawon gyaɗa da yashi, dalmarsa ta ragu ƙwarai. Ba na sha ba ne, in ji shi, sai dai ya fi wanda na daɗe ina malalawa bakin tabkin da awakin unguwa ke sha.

Da la'asar na iso gida, na iske Baba ya shanya tsohon gawayin da na kwashe daga tanon, har ya cika murhun shayi da shi. Na yi sauri na tare shi.

"Baba, don Allah kada ka hura!"

"Kai, Sani! Gawayi lafiya lau za ka zubar? Wannan almubazzaranci ne."

"Dalmar ba ɓacewa ta yi ba, Baba. Cikinsa ta maƙale."

Ya daɗe yana kallon baƙin tafin hannunsa, sannan ya ce in miƙo sabulu. Tare muka bizne gawayin can kan tudu, nesa da rijiya.

Muna dawowa ya tambaye ni ko Garba mai batir na bakin tasha yana da tano irin nawa. Na ce da na yi masa maganar, dariya ya yi mini.

"Gobe tare za mu," in ji Baba. "Ni ya yi mini dariyar in gani."