Kujerar da Aka Sa Ni Gadi

Doha, Ƙatar

Kawu Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Yaya jikin Dagaci? Allah ya ƙara sauƙi.

Kawu, na ga wani abu a otal ɗin da nake gadi, ya ƙi fita daga raina. Firayim ministan wata ƙasa mai sarki ne ya sauka wurinmu. A zauren taro aka ajiye wata kujera a bayansa, aka tsayar da ni kada kowa ya zauna, wai ta sarkinsu ce, alhali sarkin bai zo ba. Tafintansu ya ce min a ƙasarsu firayim minista ke tafiyar da gwamnati, in ya yi kuskure majalisa ta tuhume shi, amma komai da sunan sarki ake yi.

Duk lokacin da zai sa hannu a takarda, sai ya waiwaya ya rusuna wa kujerar, ya yi shiru kamar mai sauraro, sannan ya gyaɗa kai. Da aka watse na taɓa mazaunin, na ji shi da ɗumi. Abokin aikina ya ce zafin fitila ne. Ban yi musu ba.

Kai na tuna, da kake riƙe wa Dagaci gari tun da ya kwanta, kullum "Dagaci ya ce." A sa ni a addu'a, a gaida mutanen gida duka. Amma Kawu, don Allah, yaushe rabon da wani ya ji muryarsa ban da kai?

Ɗanka,
Habu