Na Shuka Gamanarka

Zuwa ga yayana Illa, sojan Faransi a ƙasar da ake ce wa Indoshin.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lahiya. Inna tana gaishe ka, mutanen Deule duk suna gaishe ka. Bayan haka, ban san hannun da zai kai maka takardar nan ba, don haka zan karanta ta a bakin kasuwa, wanda ya ji ya ji.

Ka tuna ranar da aka tara ku a Buza? Tafinta ya ce za ku tahi yaƙin kwaminis, wai mutane ne masu ƙwace hatsin talaka su zuba a rumbu ɗaya su liƙe. Kai ka sunkuyar da kai. Ni dariya ta kuɓuce mini har gardi, dogarin Nasara, ya ɗaga bulala. Yaya, wa ya kwaɓa ƙasar rumbun kumandan, Baturen mulki? Ba ni da kai ba? Da kanmu muka ɗauki dammunanmu muka kai. Shekarar da fara ta cinye gonaki, Baba ya tsaya bakin rumbun nan yana roƙon iri, aka ce sai izini ya zo daga Tawa. Kafin ya zo, ruwan shuka ya wuce. In wannan ne kwaminis, me ya kai ka jirgin ruwa? Ga shi bayan gari.

Ka san ban shiga makarantar lakkwal ba, a guntayen jaridun da ake ƙunshe sukari na koyi karatun Nasara. Abin da na tsinta kaɗan ne. Ƙasar Indoshin tana da itacen roba, tana da shinkafa, mutanenta sun ce a bar musu abinsu. Faransi kuwa Jamus ta kunyata ta, tana neman inda za ta huce. Ban ce mutanen can waliyyai ba ne, ban san su ba. Kai ma ba ka san su ba. Amma sun taɓa zuwa Adar su ƙirga awakinmu?

Wani soja mutumin garin Allakaye ya dawo da hannu ɗaya. Ya ce ana sa ku cinna wa rumbunan shinkafa wuta. Kai, Yaya? Kai da in ka ga zangarniya a hanya sai ka ɗauka ka hure mata ƙasa? Na tambaye shi ko ya gan ka, ya kau da kai yana duban jakinsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Gamanarka, ƴar gonar da Baba ya yankar maka gefen fadama, tun tahiyarka Inna ta hana a taɓa ta. Kullum cewa take, «Mai ita yana hanya.» Ciyawa ta rufe iyaka, kawu Bube ya fara kai wa maigari gaisuwa a kanta. Da ruwan nan ya sauka, na ɗauki sungumi na shuka ta. Ba gado na ci ba, wallahi, tsare maka na yi. Amma Inna ta ga sawuna, kuma ta san gonar wa ake shukawa ba a tambaye shi ba. Tun ranar, tuwona take turo mini ba magana.

Hatsin ya tsiro, Yaya. Ya yi kyau, abin haushi.

Allah Ya tsare hannunka daga rumbun wani, Ya tsare ƙirjinka daga harsashi. In kana raye, Ya maido ka ka ƙwace gonarka, ko da zagi ne. In kuwa ba haka ba, Ya ba wani ƙarfin faɗa wa Inna, don ni ba zan iya ba.

Ƙanenka,
Sanda.