Tanderun Geddes

George Town, Penang,
Nuwamba, 1972.

Zuwa ga 'yata Rhona,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Neville da yara, ya kuma ƙara wa mahaifiyarki sauƙin ciwon bayan nan. Ni ma lafiya lau, sai dai gwiwa da ke yi mini tsiya duk sanda hadari ya haɗo, ga shi bana ruwa ya ƙi ɗaukewa. Hotunan da kika aiko sun iso. Ɗanki Struan ya ɗauko goshin ƙanena Callum sak, har sai da na ajiye hoton na ɗan zauna kafin na iya sake dubawa. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya raya abin da ya bari. Labarin unguwa ba shi da yawa, don unguwar ma ta kusa ƙarewa. Gidajen da ke dama da hagu duk an kwashe, saura ni da Salmah ta tsallaken titi, wadda ke leƙo ni in ta dawo daga kasuwa ta tabbatar ban mutu ba.

Na karanta maganarki a kan kamfanin nan da ke son sayen layin ya rushe ya yi benaye, da cewa ku magadan Callum kun yarda, sa hannuna kawai ake jira kafin ƙarshen shekara. Na kuma ga inda kika ce kin gyara mini ɗaki a gidanku can Perth. Har kika tambaye ni, cikin ladabi dai amma na ji zafinta, wai me nake riƙewa a gidan da ko ƙadangare gumi yake yi a ciki. Ban ga laifinki ba. Kina 'yar ƙarama kuka tafi, kuma Callum bai taɓa son labarin nan ba, kunya yake ba shi. To bari in ba ki shi yadda na ji daga bakin masu shi, sannan in ba ki amsa.

Kakanmu Murdo Geddes magini ne daga Peterhead, can gaɓar tekun Scotland, inda iska ke shiga har ɓargo. Tun yana yaro yake sassaƙar dutse. Da aiki ya yi wuya a can, ya biyo jirgin ruwa zuwa nan, ya bar amaryarsa Ishbel a gidan iyayenta da alkawarin zai aiko mata kuɗin jirgi. Ita kuwa ta ji labarin wai a nan mutane a kan sanduna suke kwana, cikin ɗakunan katako da rufin ganye, sai ta ce ita ba kaza ba ce da za ta hau akurki. Ta ce in yana son ta zo, ya gina mata gida na sosai, mai bangon dutse da murhun jin ɗumi a tsakiyar falo irin na uwarta. A al'adarsu kuma matar gida ce ke hura wutar farko a sabon murhu, kafin nan gidan bai zama gida ba. Ya ce ya ji ya ɗauka.

Da farko abin ya karɓe shi. Ya yi aikin gada, ya yi na ɗakunan ajiyar kaya a bakin ruwa, ya tara ɗan abin hannu. Sai ya zauna ya yi lissafin da ya kashe shi. Ya ce ga 'yan ƙasarsu nan birjik a gari, akawuna da injiniyoyin jirgi, kowanne yana da wata Ishbel da ya baro a gida, kuma kowacce murhu take so. Don haka ba gida ɗaya zai gina ba, uku zai jera, ya zauna a ɗaya ya ba da hayar biyu. Abin hannunsa bai isa ba, ya je wurin masu ba da rance da ruwa ya jinginar da filin. Shugaban ma'aikatansa, wani dattijon Basine, ya yi ta ce masa a nan iska ake wa gida ba wuta ba, a ɗaga rufi, a faɗaɗa taga, a yi baranda. Wasu suka ce in murhu yake so ya hau kan dutse inda ake ɗan sanyi. Kaka ya ce shi ba a koya masa gini a wurin masu kwana a kan sanda. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemo taka ka ɗaura, amma shi hali zanen dutse ne, ga shi kuma dutsen ne sana'arsa.

Haka ya gina su kamar yadda ubansa ya koya masa: bango mai kaurin da za ki kwanta a kai, tagogi 'yan mitsi-mitsi don kada ɗumi ya tsere, rufi ƙasa-ƙasa, fuskar gidan tana kallon inda rana ta fi daɗewa, ga bututun hayaƙi a tsaye a sama. An ce mutane har daga ƙauye suka riƙa zuwa kallo. Wanda ya fara kama haya wani akawun kamfanin jiragen ruwa ne, bai cika wata ba ya kwashe kayansa, yana cewa shi ya zo neman arziki ne, bai zo a gasa shi ba. Na biyu matarsa ce ta suma a falo. Daga nan sunan ya bi gari, Tanderun Geddes, har masu jan keke sun san shi, in ka faɗa ba sai ka yi kwatance ba. 'Yan ƙasar tasa da ya yi domin su, su suka fi kowa dariya. Ashe wanda ya gudo wa sanyi ba ya biyan kuɗi a tuna masa da shi.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma nasa ya fito waje kowa ya gani. Ruwan kuɗi ya yi ta hawa, aka kai shi kotu, aka yi gwanjon gidaje biyu da amalankensa da kayan aikinsa a gaban jama'a. Wanda ya saya ya fasa bangon ya buɗe tagogi, ya mai da su rumbun shinkafa. Na tsakiyar nan ne kawai ya tsira, shi ma don ba wanda ya taya. Dattawan cocinsu suka daina ba shi aiki, suka mai da wurin zamansa kujerar baya a coci, don a wurinsu karyewar arziki kusan zunubi ce. Kuɗin jirgin Ishbel kuwa, kullum sai baɗi. Yana wannan baɗi-baɗin ne labari ya zo cewa ciwon haƙarƙari ya ɗauke ta a wani hunturu, a gidan uwarta. Ba ta taɓa ganin murhun ba.

Ya koma sassaƙa duwatsun kabari, na Turawa da na Sinawa, duk wanda ya kawo. Yakan ce matattu ne kaɗai ba su taɓa yi masa ƙorafin zafi ba. A nan ya haɗu da kakarmu Gaik Neo, wadda ke sayar da wainar shinkafa da kwakwa a bakin maƙabarta. Ta ce ta gaji da ganin ƙaton mutum yana cin gayan burodi kamar maraya, shi ya sa ta aure shi. Wainarta ce ta ciyar da gidan nan, ita ta kai mahaifinmu makaranta, wannan kowa ya sani har shi. Ta sa aka kafa rumfa a baya, can muke girki, can muke kwana in zafi ya yi zafi. Murhun falo kuwa Kaka Murdo ya hana a hura shi, ya ce ba shi ke da ikon wutar farko ba. Na taɓa tambayar Kaka Gaik ko abin ba ya yi mata ciwo. Ta yi dariya ta ce matacciya ba ta cin shinkafarta, a bar wa baiwar Allah raminta, ai ma wuri ne mai kyau na ajiye tulun ƙwan gishiri.

Abu ɗaya na al'adar ƙasarsu Kaka Murdo bai taɓa bari ba. Ranar sabuwar shekara, dole wanda zai fara taka ƙofar gida ya zama dogon namiji mai baƙin gashi, riƙe da gawayi a hannu, don kada wuta ta mutu a gidan a shekarar. Yakan fita ya tare duk wanda ya samu, wata shekarar ma wani ɗan sanda Ba'indiye ya jawo, mutumin yana ta rantsuwa bai yi komai ba. A karɓi gawayin a sa a murhu, ba a kunnawa. Kafin sati Kaka Gaik ta sace shi ta zuba a dutsen guga, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Ni yakan kore ni daga bakin ƙofa, wai gajeriya mai jan gashi irina in ta fara shiga, ko ɓera ba zai yi ƙiba a gidan ba. Bayan rasuwarsa mahaifinmu ya ci gaba, bayan shi Callum. Tun da kuka tafi ba wanda ya sake kawowa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma shekarun nan ni nake fita ta ƙofar baya da safe, in zagayo da gawayina, in ƙwanƙwasa ƙofar gaba, in ɗan jira, sannan in buɗe wa kaina. Kaɗaici ya ci ni, Rhona, ba zan ɓoye miki ba.

Ranar da takardarki ta zo na yi fushi, na kwana biyu ban taɓa ta ba. A rana ta uku da hantsi na zauna ina kallon ramin nan, sai na ce yau shekara kusan casa'in ana jiran mace ta hura shi, ga mace a gidan, kuma bayana babu wata. Na kwashe tarkacen da ke ciki, na jera ɓawon kwakwa da gawayin bara, na ƙyasta ashana. Na ɗauka hayaƙi zai turnuƙe ni. Jemagu ne kawai suka yi ta kansu, sannan wutar ta kama, hayaƙin ya miƙe sama ɗoɗar, ko ɗigo bai dawo falo ba. Aikin tsohon nan ba shi da aibu ko kaɗan, wurin ne ba nasa ba. Na zauna a gabanta gumi yana zuba har cikin idona, na yi kuka na ƙoshi, ban ma san wa nake yi wa ba.

Ban ankara ba sai ihu a waje. Tun da aka kafa layin ba a taɓa ganin hayaƙi a bututun nan ba, sai mutane suka ɗauka gobara ce. Salmah ce a gaba da bokiti, bayanta mai shagon kofi da masu jan keke da wasu da ban taɓa gani ba, suka banko ƙofa suka cika falo. Da Salmah ta gan ni zaune lafiya, ta dire bokitin ta ce lallai tsufa ya gama da ni, mutane na neman fanka ni ina jin ɗumi, ko so nake in dafu in huta da sayen nama. Aka yi ta dariya, na dafa musu shayi a kan wutar, suka sha a tsaye suna fifita da hannu. Ba su daɗe ba, zafi ya kore su kamar yadda ya kori na farko. Da suka watse na ga rabon falon nan da cika haka tun ranar da muka raka ku jirgi. Sai da suka zaci ina ƙonewa sannan na samu baƙi.

Daga nan na fahimci abin da nake yi. Wannan gida don jira aka gina shi, Kaka ya jira har ya mutu, ni kuma na gaji jiran ba tare da na san wa nake jira ba. Ita ma Ishbel tana can ta kafa sharaɗi, teku a tsakani, har lokaci ya ƙure musu su biyun. Ni ba zan kafa miki sharaɗi ba. Na je wurin lauya jiya na sa hannu. Ba zan ce ban ji ciwo ba, kuma ba na son in kasance a gari ranar da za su sa guduma a bangon, ko da yake na san zai ba su wuya. Dutsen da ke saman murhun, wanda Kaka ya sassaƙa harafin sunansa da na Ishbel a kai, na roƙi a cire a kai kan kabarinsa kusa da Kaka Gaik. Na san ba za ta damu ba, ta saba.

Na sa a nema mini jirgin da zai iso gare ku a ƙarshen Disamba. An ce zumunta a ƙafa take, to ga tawa ƙafar nan tafe da gwiwarta mai ciwo. Ki gaishe mini da Doreen mahaifiyarki da kyau, ki ce ta tanadi haƙuri, don surutun shekaru na tara. Ki gaida Neville, ki gaida Struan da 'yar autarki Iona, da Kawunku Hector in har yanzu yana gane mutane. Salmah tana gaishe ki, tana kuma fushi da ke.

Abu ɗaya nake roƙo. Safiyar sabuwar shekara kada ku bar kowa ya riga ni taka ƙofarku. Na san ni ba doguwa ba ce, ba namiji ba, gashin ma ya yi fari fat, Kaka zai ce na jawo muku tsiya. Amma na ɗebi gawayi ɗaya daga wutar ranar nan na ƙulle a hankici. Zan fita in zagayo in ƙwanƙwasa kamar yadda na saba. Ke dai ki tsaya kusa da ƙofar, ki buɗe mini.

Taki har kullum,
Gwaggonki Effie Geddes.