Bangon ɗakina ya tsage

Auta, kai ka cuce ni, ba mai niƙa ba.

Ka ce min tela ne zai kama hayar shagon ƙofar gida, ka kawo takarda na dangwala yatsa. Ashe injin niƙa ne. Wata biyu ke nan gidan yana rawa. Yau da safe bangon ɗakina ya tsage har hannuna yana shiga, ƙasa ta zubo min a kan gado.

Na je na ce wa mai niƙan ya kashe injin. Sai ya zaro takardar, wai shekara biyar aka ba shi. Ya ce, "Iya, wannan ba yatsanki ba ne?" Me na sani a ciki?

Matar magini ce ke rubuta min wannan. Mijinta ya duba, ya ce bangon ba zai ga ƙarshen damina ba. Na tafi gidan yayarka. Kada kowa ya shiga ɗakin.

Gidan nan kaɗai ubanku ya bar min. Ka biyo ni yau, ka faɗa min a gaban yayarka wanda zai tayar min da bangon nan in ya faɗi.