Gidanmu na Auyo a Takarda

Yaya Sabo,

Salamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Jos? Ya Anti Rabi da yara? Inna lafiya lau, ƙafar ce dai.

A ajinmu na zane nan Hadejia, malam ya ce kowa ya yanyanka takardu ya jera hawa-hawa, na nesa a baya, na kusa a gaba, har hoto ya fito. Gidanmu na Auyo zan yi, yadda yake kafin ruwa ya cinye shi. Malam ya miƙo mini shuɗiyar takarda, wai kogi. Ka san bakina, amma karɓa kawai na yi. Buhun siminti zan yanka, shi ne kalar ruwanmu.

Na tsara kogi, sai shinkafa, sai katanga. Da na zo kan rumbun Baba, na tsaya da reza a hannu. Dama da ƙofa yake ko hagu? Na manta, kuma ban ji komai a raina ba. In na tambayi Inna kuka za ta yi.

Ka amsa mini kafin Litinin, ranar za mu miƙa. In kai ma ka manta, sai in bar wurin fili.

Ka sa mu a addu'a. Gaida mutan gida.

Ƙaninka,
Habu